Yadda Littafi Ke Zuwa Ƙauye

 

Yau a kan littafi zan yi muku magana. Inda ake buga shi, da yadda ya kan zo hannun mutumin ƙauye.

Ku mutanen Zazzau ne, abin kuwa a ƙofar gidanku ya faru. A Zariya Hukumar Talifi ta zauna, ƙarƙashin wani Bature, Dokta East. A 1933 ta sa gasar rubuta labari da Hausa. Daga nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka kawo injunan ɗab'i Zariya.

To, amma buga littafi ba shi ne wahalar ba. Wahalar ita ce sayarwa. Manomi ya yi mazarƙwaila, ya san kasuwar da zai kai ta, masu saye na jiransa. Littafi fa? A lokacin masu karatun boko kaɗan ne. Kanti kuwa sai birni. Sai a buga littafi mai kyau, ya zauna a sito yana shan ƙura.

Malaman ajami ba su sha wannan wahala ba. Tun da can almajiri ya kan kwafi littafi da hannunsa. Mai saye ya je kasuwa, ya tarar da mai littattafai ya baza su bisa tabarma, kusa da mai tasbaha da mai turare. Watau sun kai kaya inda mutane suke.

Da aka tashi Yaƙi da Jahilci, sai aka lura da wani abu. Mutum ya yi wata da watanni a aji, ya karɓi takardar shaida. Ya koma gida, ba abin karantawa. Kafin kaka ta zagayo, baƙaƙen sun gudu. Don haka a 1954 aka kafa hukumar NORLA a Zariya. Aikinta ta buga ƙananan littattafai masu araha, ta kuma watsa su cikin larduna. Har jaridun larduna aka yi. Ta lardin Zazzau sunanta Bazazzaga, ta Katsina Himma, ta Kano Sodangi. Hukumar ba ta daɗe ba, a 1959 aka rufe ta. Sai a 1966 aka kafa kamfanin NNPC a Zariya, ya ci gaba da buga littattafan Hausa.

Kada ku ce mu kaɗai muka sha wannan. Akwai wata ƙasa can gabas mai nisa, sunanta Japan. A zamanin da, manyan masu buga littattafansu a birane uku suke, Kyoto da Osaka da Edo, wadda yanzu ake kira Tokyo. Amma akwai wani gari, Nagoya, mazaunin wani babban sarki, kamar dai Zariya. Mutanensa ba su zauna jiran manyan birane ba. Wani gidan fatauci, Eirakuya, ya riƙa buga nasa. A jikin katako suke sassaƙa rubutu, su shafa tawada, su danna takarda. Abin da ya fi burge ni shi ne masu ba da hayar littafi. Mutum ya goya littattafai a baya, ya bi gida gida. Wanda ba shi da kuɗin saye ya biya ɗan kaɗan, ya karanta, ya mayar.

To, mu ma me zai hana? Ga shawarata. Ku zaɓi mutum ɗaya mai amana cikin ajin nan. Kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa bayan an sayar da amfanin gona. Ran da zai shiga Zariya, ya sayo littafi biyu ko uku. A sa su cikin akwati saboda gara. Wanda ya ara a rubuta sunansa, shi da kansa zai rubuta. Matan gida ma a kai musu.

Ku kuma yi wa 'yan kolin kasuwarku magana. Ɗan koli ba ya ɗauko abin da ba a tambaya. In mutum biyar suka tambaye shi Magana Jari Ce, kasuwa mai zuwa za ku gan shi a tirensa.

Malam, a kawo alli mu rubuta sunayen waɗanda suka yarda.