Kalma Ɗaya, Ma'ana Barkatai



Aikina a ofis ya haɗa da mai da takardun Turanci zuwa Hausa, shi ya sa nake so ƙannenmu su lura da kalmar nan "blast". Da an ji ta sai hankali ya koma ga tashin bama-bamai irin na Kano ranar 20 ga Janairun 2012. Amma ita ce dai ake faɗi ga fasa dutse, da bugawar iska mai ƙarfi, da balbale mutum da faɗa. Malamin gona kuwa, in ya ce ta afka wa shinkafa, cutar da ke ƙone ganye yake nufi. In mai fassara ya yi garaje, sai manomin Tofa ya tsere daga gonarsa maimakon ya nemi maganin feshi.

Mu ma muna da irinta: nakiyar gara daban, nakiyar fasa dutse daban. Don haka, ƙannena, kada ku tsaya kan ma'anar farko a ƙamus. Ku dubi kalmomin da ke kewaye da ita tukuna.