Amsoshin Takardunku: Kowane Gyara Da Daminsa

Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sayar da hatsi a Kasuwar Kara, nan birnin Sakkwato. Ya ce sun saɓa da abokin cinikinsa a kan kuɗin gero, har zumunci yana neman lalacewa, don littafinsu ya cuɗe. Ɗansa da ke karatun kwamfuta a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya ce da sun bi tsarin masu haɗa manhaja, da abin bai kai haka ba. Shi ne yake tambaya, wane irin tsari ne wannan?

To Alhaji, mun gode. Ita manhaja umarni ce da ake rubuta wa kwamfuta, kuma mutane da yawa kan haɗu a kan aiki guda, kowa yana gyara nasa ɓangaren. Don kada aiki ya rikice, a shekarar 2005 wani mutumin ƙasar Finland mai suna Linus Torvalds ya ƙirƙiro wani ma'aji da ake kira Git. Duk gyaran da aka yi, sai a ɗaure shi waje ɗaya kamar dami, da sunan mai gyaran, da ranar, da bayanin abin da ya canza da dalilinsa.

Ƙa'idar ita ce, gyara ɗaya, dami ɗaya. Ai manomi ba ya ɗaure gero da dawa a dami guda. In ɓarna ta ɓulla, sai a raba damman gida biyu, a gwada a ga ɓangaren da take, a sake raba shi. Ko damman sun kai 1,000, gwaji kamar 10 ya isa a kamo wanda ya jawo ta, a zare shi, sauran aiki yana nan lafiya. Amma in an cusa gyara biyar a dami ɗaya, aka rubuta "gyare-gyare" kawai, to sai dai a yi ta lalube.

Kai ma Alhaji, ga yadda za ka yi. Kowane ciniki da layinsa: rana, sunan mutum, buhu nawa, nawa ya biya, nawa ya rage. Kada ka haɗa bashin gero da kuɗin dako a layi ɗaya. In an yi kuskure, kada a goge. A buɗe sabon layi a rubuta gyaran da dalilinsa, ku duka ku sa hannu. A rubuta nan take, kada a bari sai dare.

Batun abokinka kuwa, ku zauna gaban Sarkin Kasuwa da shaidu, ku bi cinikin ɗaya bayan ɗaya tun daga ranar da lissafinku ya yi daidai na ƙarshe. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa albarka a kasuwa. Sai mun ji daga gare ku.