Dogon da ya taso daga Kwatano, yaushe zai iso Yamai?

  

Hirarmu ta yau a kan jirgin ƙasa take. Ga dalili. Ran nan a ajinmu na Tondibiya, bayan mun gama karatu, wani dattijo mai aikin garka a bakin kogi ya ɗaga hannu. Ya ce: "Malam, shekarun baya na je Doso gaisuwa. Na ga an shimfiɗa ƙarafa biyu a gefen hanya, tun daga Yamai har can. Aka ce mini hanyar jirgin ƙasa ce. To, ina jirgin?" Aji ya fashe da dariya. Na ce masa: "Baba, matambayi ba ya ɓata. Amma amsar tana da nisa. Sai mun tafi har bakin teku, mu koma baya fiye da shekara ɗari."

To, ku gyara zama. Mai alli da allo ya ɗauko, mai takarda da fensir ya matso da su, domin akwai lambobin da za mu rubuta.

Mene ne ƙaramin dogo?

Jirgin ƙasa bisa ƙarafa biyu yake tafiya. Su ne ake kira dogo. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan nan biyu, ita ce faɗin dogo. Ba ɗaya take a ko'ina ba. Ku rubuta waɗannan uku.

Na farko, santimita 100, wato mita ɗaya cif. Shi ne Turawan Faransa suka shimfiɗa a Benin, da Kodibuwar, da Burkina Faso, da Mali, da Senegal.

Na biyu, santimita 106 da ɗan ɗori. Shi ne Turawan Ingila suka shimfiɗa a Najeriya, daga Ikko zuwa Kano.

Na uku, santimita 143 da rabi. Shi ne babban dogo, wanda yawancin ƙasashen duniya suke aiki da shi.

Duk dogon da bai kai na uku faɗi ba, ƙaramin dogo ne. Me ya sa Turawa suka zaɓa mana ƙarami? Saboda araha. Ƙarfensa bai kai na babba nauyi ba, gadojinsa ƙanana ne, kuma yana iya zagaye dutse da ƴar kwana, ba sai an fasa dutsen ba. Amma araha tana da nata. Jirgin ƙaramin dogo ba ya gudu kamar na babba, ba ya ɗaukar kaya kamarsa. Sa'an nan jirgin da aka ƙera don wani faɗi ba ya hawa wani. Kamar takalmi ne, kowace ƙafa da nata.

Yadda aka soma

A shekarar 1900 Turawan Faransa suka soma shimfiɗa dogo daga Kwatano. A lokacin sunan ƙasar Dahomai. Niyyarsu su kai shi arewa har bakin kogin nan namu, kogin Isa, wanda wasu ke kira Kwara. Daga nan sai jiragen ruwa su karɓi kaya. Ba don talakawa su ji daɗin tafiya aka yi shi ba. An yi shi ne don a kwashi albarkar ƙasa, kamar manja da auduga, a kai bakin teku, a loda a jirgin ruwa zuwa Faransa.

Aikin ya ci mutane. Zamanin aikin tilas ne. A zo gari a ce wa sarki ya ba da ƙarti kaza. Da diga da shebur da kwando aka sare daji, aka cike kwari. Kakanninmu ma sun sha irin wannan wuya wajen gyaran hanyoyin mota. Sai a 1946 aka yi dokar da ta soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka.

Ga garuruwan da dogon ya bi. Ya tashi daga Kwatano, ya biya ta Pahou, inda wani reshe ya rabu ya nufi Ouidah. Ya wuce Allada, ya isa Bohicon, kusa da Abomey, tsohon birnin sarakunan Dahomai. Daga nan sai Dassa, ƙasar duwatsu, sai Savè. A Savè ya daɗe tsaye, shekara ashirin da wani abu. Daga baya aka ci gaba, aka bi ta Tchaourou. A 1936 jirgi ya shiga Faraku, garin da za ku ga an rubuta Parakou a taswira. Tsawon dogon daga Kwatano zuwa Faraku kilomita 438 ne. Ku rubuta: 438.

Faraku ba baƙon gari ba ne gare mu. Tsohon zango ne na fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. Har yau ana jin Hausa a kasuwarsa, ana jin Dandanci, ɗan'uwan Zabarmanci.

A nan dogo ya tsaya. Kuɗi sun yi ƙaranci a shekarun nan, ga shi kuma yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939. Aka bar sauran tafiyar ga manyan motoci: daga Faraku su bi ta Kandi zuwa Malanbil, su ƙetare kogi zuwa Gaya, su wuce Doso, su shigo Yamai.

Wani abin mamaki: dogon Dakar sunansa "Dakar-Nijar", na Abijan sunansa "Abijan-Nijar", wannan kuma "Benin-Nijar". Kowanne kogin yake nufa. Na Dakar kaɗai ya sha ruwansa, a Koulikoro ta ƙasar Mali. Na Abijan ya isa Wagadugu a 1954, bai ga kogin ba. Babu ko ɗaya da ya taka ƙasarmu.

Gujiya da dogo

Manoman Maraɗi da Damagaram, wannan naku ne. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Ya isa Ƙauran Namoda a 1929, ya isa Nguru a 1930. Saboda haka gujiyarmu, wadda wasu ke ce wa gyaɗa, ta can ta riƙa bi. A ɗora wa raƙuma da jakuna da motoci, a ƙetare iyaka, jirgin Ingila ya kai ta Ikko.

Abin bai yi wa Faransa daɗi ba. Cikin shekarun 1950 suka fito da wani tsari da suka sa wa suna "Hirondelle", wato tsattsewa, tsuntsuwar nan mai kai da kawowa. Mota ta ɗauko kayan kanti da siminti daga tashar Faraku ta kawo Nijar. In za ta koma, ta ɗauki gujiya. Kada mota ta yi tafiya wofi, ko zuwa ko dawowa. Da haka kuɗin dako ya sauka. A 1958 aka buɗe gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil, aka huta da jiran fito.

A 1959 ƙasashen biyu suka kafa hukuma guda mai kula da dogon da motocin da ke ƙarasa tafiyar. Sunanta OCDN. Da Dahomai ta koma Benin a 1975, sai aka mai da sunan OCBN. Ku rubuta baƙaƙen nan huɗu: O, C, B, N. Harafin B na Benin ne, harafin N na Nijar. Ashe ƙasarmu ta yi shekaru da dama tana da rabo a cikin jirgin ƙasa, alhali ko taku ɗaya na dogo babu a cikinta.

Ta wannan hanya kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ya fitar da gujiya mai yawa. Ta nan kuma yuraniyom na Arlit ya riƙa fita cikin ganguna tun daga shekarun 1970: mota ta kai shi Faraku, jirgi ya ƙarasa da shi Kwatano.

Amma akwai wani ciwo. Duk buhun da zai zo mana, sai an sauke shi daga tarago a Faraku, an sake loda shi a mota. Kowane saukewa kuɗi ne, kuma ɓata lokaci ne, ga buhu na fashewa. Da aka shimfiɗa kwalta tun daga teku har Gaya, ƴan kasuwa da yawa suka gwammace mota ta ɗauko kaya daga Kwatano kai tsaye. Ciniki ya ragu wa jirgi. Kawunan jirgi suka tsufa, kuɗin gyara babu. Cikin shekarun 2000 jirgin fasinja ya daina zuwa Faraku.

Ƙarafan da Baba ya gani

Yanzu mun iso ga tambayar dattijonmu. Ran 7 ga watan Afrilu 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai, gaban shugabannin Nijar da Benin da Togo. Kamfanin Bolloré na Faransa ya ɗauki aikin. Shirin babba ne: a yi zobe na dogo daga Abijan zuwa Wagadugu, zuwa Yamai, zuwa Kwatano, zuwa Lome. An zaɓi faɗin mita ɗaya domin sabon dogo ya dace da tsofaffin da ke maƙwabta. Wasu masana kuwa suka ce a'a, tunda sabo za a yi, a yi babba.

Aka shimfiɗa dogo daga Yamai, ya bi gefen hanyar mota, ya ratsa ƙasar Kure mai raƙuman dawa, ya isa Doso. Kimanin kilomita 140 ke nan. A watan Janairu 2016 aka yi bikin buɗe shi.

Sai dai rigima ta riga ta kunno kai. Wani attajirin Benin, Samuel Dossou, mai kamfanin Petrolin, ya ce tun da farko shi aka ba aikin haɗa Faraku da Nijar. Ya kai ƙara. A 2015 kotu a Kwatano ta ba shi gaskiya, ta ce a dakata. Aiki ya tsaya. Dogon Doso bai haɗu da na Faraku ba. Jirgin da ba ya kaiwa teku kuwa, wane kaya zai ɗauko? Shi ya sa Baba ya ga dogo, bai ga jirgi ba.

Ina ruwanmu?

Wani zai ce, ni manomi ne, ina ruwana da jirgi? Da ruwanka, ɗan'uwa. Ƙasarmu ba ta da teku. Shinkafar da kake saye, da sukari, da taki, da kwanon rufi, yawancinsu daga nesa suke zuwa, kuma kuɗin dakonsu a cikin farashi yake. Kai ne kake biya. Albasarka da wakenka da dabbarka ma, in dako ya yi tsada, kai ake rage wa. Jirgi ɗaya yana jan kayan manyan motoci masu yawa, da gazuwal kaɗan. Mun kuma ga abin da ya faru a 2023, da aka rufe gadar Gaya: kaya suka riƙa zagayowa ta Lome da Burkina Faso, farashi ya hau. Ƙasa marar teku tana bukatar ƙofa fiye da ɗaya. A watan Fabrairu 2021 Najeriya ta ƙaddamar da aikin babban dogo daga Kano, ta Daura da Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Aikin wannan mako

Ku rubuta lambobin nan, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Kwatano zuwa Faraku, 438. Faraku zuwa gadar Gaya, kimanin 320. Gaya zuwa Doso, kimanin 150. Doso zuwa Yamai, kimanin 140.

1. In kun tara su duka, kilomita nawa ne daga teku zuwa Yamai?
2. Kilomita nawa aka shimfiɗa wa dogo? Nawa suka rage?
3. Ku auna mita ɗaya da igiya a ƙasa, ku ja layi biyu. Ku auna santimita 143 da rabi, ku ja wasu biyu. Me kuka gani?
4. A kasuwarku, wane kaya ne ya ƙetare teku kafin ya zo muku?

Ku tattauna da malaminku. Wanda ya riga ya gane ya taimaki na kusa da shi. Amsar lissafin za mu faɗe ta a hira ta gaba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.