Jinyar Ciwo Da Kumburi Da Hasken Da Ba Ya Ƙuna



Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci haske ya sanya shi sababin gani, ina neman izininku in yi magana a kan wata fa'ida tasa wadda magabata ba su riske ta ba, wato rage raɗaɗi da kumburi a jikin ɗan Adam. Shehin malamin nan na Basra, Ibnul Haisam, ya tabbatar a cikin Kitabul Manazir cewa haske ne yake shiga ido daga waje, ba ido ne yake fitar da shi ba. Amma mas'alar abin da haske yake aikatawa in ya ratsa fata ya kai ga tsoka, ita kam sai da ta jira ƙarnoni. A shekarar 1903 aka ba Niels Finsen, likitan ƙasar Denmak, kyautar Nobel saboda jinyar da ya yi wa ciwon fatar da ƙwayar tarin fuka take haddasawa da haske, kuma duk uwar da ta taɓa ganin jaririnta mai shawara kwance ƙarƙashin shuɗiyar fitila a asibiti ta shaida cewa haske magani ne, ko da yake aikin waccan fitila daban yake da abin da ya tara mu.

Asalin namu labarin daga birnin Budapest yake. An ƙera na'urar hasken leza ta farko a Amurka a 1960, sai a 1967 wani likitan fiɗa na Budapest mai suna Endre Mester ya aske bayan ɓeraye, ya haska wa wasu leza mai rauni, ya bar wasu. Abin da ya gani ba shi ya fita nema ba: gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ya juya ga gyambon da ya ƙi warkewa a jikin majinyata, ya ƙarar da sauran rayuwarsa a kan wannan bincike.

To, ta yaya hasken da ba ya ƙuna, ba ya yanka, sau da yawa ma majinyaci ba ya jin ɗuminsa, zai yi tasiri a jiki? Hasken da ake amfani da shi ja ne, ko kuma wanda yake daura da ja wanda ido ba ya gani, tsawon zangonsa daga nanomita 600 zuwa wajen 1000, domin shi ne ya fi ratsa fata. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu ƙananan ɗakuna da ake kira mitokondiriya, su ne murhun da ake sarrafa abinci da iska su zama kuzari. Kuma jumhurin masana, bisa aikin da Tiina Karu ta yi a Rasha, sun tafi a kan cewa wani sinadari na cikin wannan murhu ne yake shan hasken, sai wutar da ta yi sanyi saboda rauni ta farfaɗo, jini ya ƙara gudana a wurin, sinadaran da suke ruruta kumburi su ragu. Akwai saɓani a kan rassan wannan bayani, amma abu guda an yi ittifaƙi a kansa, shi ne kuwa na fi so ku riƙe: sha'anin duka na mizani ne. In hasken ya gaza awo ba ya tsinana kome, in ya zarce sai ya rushe amfanin da ya fara ginawa, tamkar gishiri a miya.

Malaman hadisi ba su karɓar ruwaya sai sun binciki isnadinta, kuma haka ya kamata mu yi wa hujjojin likitanci. Wadda ta fi inganci ita ce ta gyambon baki da maƙogwaro da yake kama masu ciwon daji in ana ƙona musu shi ko ana ba su magunguna masu ƙarfi, ciwon da yakan hana mutum haɗiye ko da ruwan kunu. A 2018 hukumar NICE ta Ingila ta amince a yi amfani da wannan haske don kare shi da jinyarsa. Mai bi mata ita ce ta ciwon wuya: a 2009 mujallar Lancet ta buga nazarin da Roberta Chow da abokan aikinta suka yi a kan gwaje-gwaje 16 da suka ƙunshi majinyata 820, inda aka samu sauƙin da ya kai har makonni 22 bayan gama jinya ga masu daɗaɗɗen ciwo. A ciwon gwiwa na tsufa ma an ga sauƙi, amma fa a inda aka kiyaye awo. Ciwon baya kuwa, wanda shi ya fi addabar jama'a, nazarin ƙungiyar Cochrane na 2008 ya samu hujjarsa ba ta isa a gina hukunci a kanta ba.

Abin da ya sa wannan al'amari yake cikin raina shi ne halin manomi da ɗan dako da tela, waɗanda ba sa fita aiki sai sun haɗiyi ƙwayar kashe zafi, wata ta cinye tumbi ta taɓa ƙoda, wata kamar tiramadol ta mallake mai shanta. Haske ba ya sa gyambon ciki, ba ya zama jaraba, kuma wannan ba ƙaramar rahama ba ce. Sai dai ina jin takaici ƙwarai in na ga ana tallar jar fitila da sunan tana maganin suga da hawan jini da kowace cuta, domin wanda ya rage zafin ƙari da fitila a ɗakinsa yana iya jinkirta zuwa asibiti har lokaci ya ƙure. Ba a haska shi a kan ƙarin da ba a tantance ba, ba a kuma kunna leza sai majinyaci da mai jinya sun sa tabarau na musamman.

Saura magana guda wadda ta shafe mu kai tsaye. Sinadarin da yake sa fatarmu duhu yana shan wani kaso na jan haske tun kafin ya isa tsoka, har fatar ta fi saurin ɗaukar ɗumi, alhali akasarin gwaje-gwajen da aka fitar da awo daga cikinsu an yi su ne a kan mutanen da suka fi mu hasken fata. Don haka nake roƙon asibitocinmu na koyarwa, na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, su gwada shi a kan majinyatanmu bisa ƙa'ida, a raba su kashi biyu, a haska wa wasu na gaskiya wasu kuma na kwaikwayo ba tare da sun sani ba, a rubuta zangon hasken da ƙarfinsa da daƙiƙoƙin da ya yi a kan kowace gaɓa.