Jawabin Yaye Ma'aikatan Lafiya: Zaren da ke Ceton Ƙafa



Ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau, cikin kayan aikin da aka danƙa muku akwai wani siririn zaren nailan, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba. A kansa zan yi magana, domin ina ganin zai hana yanke ƙafafu a karkara fiye da manyan na'urorin da ba su zuwa can. Jin zafi mai gadin jiki ne. Dakta Paul Brand, wanda ya yi aiki da kutare a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa yawancin dungulmin kuturta daga mutuwar jijiya yake farawa: mutum ya ƙone ko ya yanke bai ji ba. Haka ciwon suga yake yi wa tafin ƙafa. Dattijo ya yini da tsakuwa a takalmi, ko ya taka ƙaya a gona, ba zai ankara ba sai gyambo ya yi wari.

Dabarar auna wannan ji tsohuwa ce. A 1896 Max von Frey ya yi ta da gashi, Semmes da Weinstein suka mayar da ita nailan a 1960. Majinyaci ya rufe ido, a dangana zaren a ƙasan babban yatsan ƙafa har ya lanƙwashe, a tambaye shi ko ya ji. Lanƙwasawar nan ita ce ma'aunin, don tana faruwa ne a nauyin giram 10, komai ƙarfin hannun mai gwaji.

Wani zai ce araha ba ta ado, kuma zaren taɓi yake aunawa, ba zafi ba. Maganar taɓi gaskiya ce, amma wanda ya daina jin giram 10 ya rasa jin da ke kare shi, kuma ana iya ƙarawa da tsinin allurar gwaji. Rauninsa na haƙiƙa shi ne gajiya: bayan majinyata kamar 10 yana bukatar hutun awa 24, kuma a kan kanta ko faso yana ba da amsar ƙarya, abin da ya shafe mu ƙwarai, mu da manoma ke cika wa asibiti. Duk wannan, horo ne ke gyara shi, kuma horon kun samu. Saboda haka duk mai ciwon suga da ya zauna gabanku, ku roƙe shi ya tuɓe takalmi, ko da ciwon kai ya kawo.

Allah ya yi wa aikinku albarka.