Jawabi Kan Gyaran Masallacinmu: Abin da Muka Gani a Zariya, Yama da Jenne

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu, shugabannin ƙungiya da sauran 'yan'uwa.

Bayan haka, kowa ya san rufin masallacinmu na layi ya fara yoyo, har kwamiti ya kawo zanen sabon gini. Mun duba zanen nan. Gini ne mai kyau, tayil da gilashi, amma in ka tsaya gabansa ba ka ce ga mutanen da suka gina shi ba. Shi ya sa mu 'yan kasuwa muka roƙi a ba mu dama mu faɗi abubuwa uku da muka gani ko muka ji a yawon fatauci, kafin a sa hannu a takarda.

Na farko, Masallacin Juma'a na Zariya. Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Da ƙasa da azara ya yi aikinsa, wato itacen giginya da gara ba ta cika ci ba. Ya ɗaura azara kan azara har ta lanƙwasa ta zama bakan gizo, ya tashi rufi mai faɗi kan ginshiƙai, ya yi wa bangon ado da zane na layuka, babu hoton mai rai ko ɗaya. A shekarun 1970 aka yi sabon gini na siminti ya lulluɓe tsohon. Yau wanda ke son ganin yadda siffarsa take daga waje, sai ya je gidan tarihi na Jos inda aka gina kwatancinsa. Ku duba fa, jama'a: abin da ya wuce shekara ɗari yana tsaye, sai ga shi ana zuwa wani gari neman kamanninsa.

Na biyu, wani ƙauye a jihar Tawa ta Nijar, sunansa Yama. A 1962 mutanen garin suka sa wani magininsu, Falke Barmu, wanda manomi ne kamar kowa, ya gina masu masallacin Juma'a. Mai ƙarfi ya buga tubali, mata suka ɗebo ruwa, mai hatsi ya ba da hatsi. Daga baya ya ƙara hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da irin siffarta. A 1986 masallacin nan na ƙasa ya ci lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba gine-ginen ƙasashen Musulmi. Ba su da kuɗin da muke da shi a Sabo, wallahi, amma sun san abin da suke so.

Na uku, Jenne ta ƙasar Mali. Masallacinsu da ake gani a hotuna an sake gina shi ne a 1907. Itatuwan nan da suka firfito daga bango ado ne kuma matakala ne. Kowace shekara gari duka ke fitowa rana ɗaya a yi masa yaɓe, yaro da babba. Abin da ya riƙe shi ke nan har yau.

To, mun san abin da wasu za su ce: nan Badun ne, ba Zariya ba. Gaskiya ne. Ruwan kurmi da ke zuba daga Maris har Oktoba ba zai bar ginin ƙasa ba, kuma ba mu ce a yi da ƙasa ba. Wasu kuma za su ce ado a masallaci ɓarna ce. Malamanmu na nan zaune, sun koya mana tun muna Islamiyya cewa an karhanta ƙawata bangon alƙibla da abin da zai ɗauke hankalin mai salla. Mun yarda, a bar shi fari fes.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. A sa zanko a kusurwoyi huɗu na sama. A yi zaure a ƙofar shiga, inda dattawa za su zauna, baƙon da ya sauka da daddare ya sami wurin ajiye kaya. A yi bakin ƙofa da bakan gizo, ko da na siminti ne. A aika gida a ɗauko magini ɗaya da ya san aikin, a haɗa shi da samarinmu biyu ko uku su koya. Sannan a tsai da rana guda kowace shekara kafin azumi, mu fito mu yi fenti da gyara da hannunmu.

Dalilinmu shi ne yaranmu. Tun 1916 aka kafa Sabon nan, yanzu akwai jikoki da tattaɓa-kunne da ba su taɓa ganin soro ba, Yarabanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu. Ba laifinsu ba ne, nan suka tashi, kuma zamanmu da masu masaukinmu zaman lafiya ne, alhamdu lillahi. Amma in yaro ya ɗaga kai sau biyar a rana ya ga zanko, wata rana zai tambaya mene ne wannan, sai a ba shi labarin gida.

Mu 'yan goro mun yi magana a tsakaninmu, mun ɗauki kuɗin motar maginin da abincinsa har ya gama. Saura 'yan shanu da mahauta da direbobi, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna roƙon kwamiti ya dakata da wancan zane har zama na gaba.

In mun yi kuskure a yafe mana. Allah Ya ja zamanin Sarki, Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon gamawa lafiya. Wassalamu alaikum.