Karatun aikin matasa a jami'o'in waje: me ɗiyanmu za su komo da shi gida?

 Alhazai na kasuwa, ma'aikatan gwamnati, iyaye maza da mata, zan yi magana kan wani fannin karatu da ba a faye ambatonsa a zaurukanmu ba. Idan yaro ya samu bak, mahaifinsa likita yake so ya zama, ko injiniya, ko alƙali, in ya rasa duka to ya shiga duwan. Ran da yaron ya ce zai tafi waje ya karanci aikin matasa da raya karkara, sai uban ya dube shi ya ce: wato kuɗina za ka kwasa ka je ka koyo zaman fada? Tambayar ba ta banza ba ce, ita nake so mu duba yau.

Ƙidayar 2012 ta nuna mu miliyan 17 ne da ɗoriya, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Ƙasar da take haka, in ba ta da mutanen da suka iya zama da matasa, to wasu za su zauna da su. Mutanen Damagaram sun san labarin ƙungiyoyin da ake kira pale, waɗanda Aisha Maki ta nuna a fim ɗinta na 2021, kuma duk mai shago ya san wanda ake fara fasa wa ƙofa ranar da gari ya rikice. Saboda haka buƙatar tana nan. Abin tambaya shi ne ko abin da ake koyarwa a Turai zai biya ta.

A Ingila wannan aiki sana'a ce mai tsari tun bayan rahoton Albemarle na 1960, wanda ya sa gwamnati ta gina gidajen matasa ta kuma horar da masu kula da su. Daga 2010, sai mai digiri ake ɗauka cikakken ma'aikacin matasa. Karatun shekara 3 ne, kuma ba a aji kaɗai ake yin shi ba: ɗalibi zai yi kusan awa 800 yana aiki a gidan matasa ko a unguwa, wani gwani yana lura da shi, bayan an binciki takardarsa ta shari'a an tabbatar ba shi da laifin da zai hana shi kusantar yara. A Faransa tushen daban ne, ya fito daga abin da suke kira ilimin jama'a, wanda ya samu ƙarfi a 1936 zamanin Leo Lagranj, kuma takardun sun kasu biyu: akwai na jami'a, akwai na ma'aikatar matasa da wasanni. A ko'ina kuma za a karantar da shi tunanin Paulo Freire, ɗan Birazil, wanda ya yi ƙorafi kan malamin da ke ɗaukar talaka tamkar tulu da za a cika, ya ce ilimi na gaskiya da tattaunawa ake samun shi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Rabin wannan karatu na ƙasar da ta ba da shi ne. Dokokin kare yara na Ingila, yadda ake neman kuɗi wajen hukumar gari, sunayen ofisoshin da ake tura yaron da ya shiga shaye-shaye, duk wannan yana ƙarewa a filin jirgi. Yaron da ya yi awa 800 a gidan matasa mai wuta da ruwa da kwamfuta, in ya sauka Tasawa ko Madawa zai tarar gidan matasan benci ne da butar shayi a bakin titi. In abin da ya ɗauko ke nan, zanen aro ya ɗauko, kuma kun san ba ya rufe katara. Su kansu masu zanen ma ya yage musu: a 2020 ƙungiyar YMCA ta yi lissafi cewa kuɗin da hukumomin garuruwa ke kashewa kan matasa a Ingila da Wels ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tun daga 2010.

Ɗaya rabin shi ne mai daraja, kuma shi ne nake so iyaye su fahimta. Ginshiƙin sana'ar shi ne matashi ya zo da son ransa, ya kuma tafi lokacin da ya ga dama. Ma'aikacin ba malamin lakwal ba ne da ke riƙe da rajista, ba jandarma ba ne, ba wakilin jam'iyya ba ne. Ana koya masa ya saurara kafin ya yi magana, ya zauna da jama'a su faɗi damuwarsu da bakinsu, su zaɓi abin da za su fara, su riƙe asusunsu da hannunsu, sannan a auna abin da aka yi da gaskiya ko da bai yi daɗin ji ba. Wannan yana shiga jaka, yana ƙetare teku, yana aiki a kowace unguwa.

Kuma mu ƴan Nijar mun fi kowa sanin muhimmancinsa, don mun ga abin da ke faruwa in an rasa shi. Samariya tamu ce tun kaka da kakanni, da sarkin samarinta da gayyarta. Bayan juyin mulkin 1974, Seyni Kunce ya farfaɗo da ita, kuma ba mai musun an yi aiki: an gina azuzuwa, an share garuruwa, an dasa itace. Amma daga sama umarni ke saukowa, kuma mutane da yawa ba don suna so suke fitowa ba, don kar a rubuta sunansu ne. Da aka ɗora ta cikin tsarin raya al'umma na gwamnati, sannan a 1989 aka kafa jam'iyya ɗaya tilo, sai samariya ta zama ƴar tarbon baƙi da tafi. Shi ya sa da aka yi Babban Taron Ƙasa a 1991 ta faɗi tare da mulkin da ya riƙe ta, matasa suka watse suka kafa fadodinsu, jam'iyyu kuma suka bi su can da shayi da sukari da riguna masu hoto. Kafin wannan duka, a zamanin Jori Hamani, an yi shirin wayar da kan manoma da nufin ƙauye ya faɗi abin da yake so, shi ma a hankali ya koma hanyar isar da saƙon hukuma.

Ku kwatanta da Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE. Ba a kawo musu jari ba. Adashin da suka sani aka gyara, aka sa akwati da makulli da ƙa'ida, matan suka riƙe kuɗinsu da kansu. Yau tsarin ya bazu a ƙasashen Afirka da dama, har ana karanta shi a jami'o'in da muke tura ɗiyanmu. Abin dariya ne, amma da ɗaci: mai yiwuwa ne ɗan Maraɗi ya biya miliyoyi a Turai a ba shi labarin akwatin gwaggonsa.

Mu zo ga kuɗi, tunda ƴan kasuwa na nan. A 2019 Faransa ta sa wa ɗaliban da ba na Tarayyar Turai ba yuro 2,770 a shekara don lisans, wato kusan sefa miliyan 1 da jika 817, da yuro 3,770 don mastar, ko da yake jami'o'i da yawa sun yafe wa ɗalibai wannan ƙari. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar ta ƙara wuya, domin an rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a Janairun 2024. A Ingila da wuya kuɗin makaranta ya kasa fam 11,000 a shekara, sama da miliyan 8 ke nan, ban da ci da haya, kuma awa 20 kaɗai doka ta yarda ɗalibi ya yi aikin kuɗi a mako lokacin karatu. Wanda zai yi aikin unguwa na dole ba shi ma da wannan sarari sosai. Kar wanda ya ce muku yaro zai ciyar da kansa a can. Sannan ga harshe: wanda zai zauna da matasan Ingila sai ya iya Turancin titi, na jarrabawa ba ya isa.

Don haka, a ganina, wanda ya samu bak yau ba shi da dalilin tsallake teku. Muna da INJS a Yamai, akwai irinta a Yawunde da Abijan, akwai kuma sashen nazarin zamantakewa a jami'o'inmu. Ya fara nan, ya yi shekara 2 ko 3 yana aiki a wata komin ko wata ƙungiya, ya san yadda ake shiga gari ta ƙofar mai gari da liman, ya san abin da ke kashe furoje da zarar motar masu kuɗin ta juya. Bayan nan, in ya tafi mastar, ya san abin da ya je nema, kuma zai iya yi wa malamansa gardama. Jami'ar Sengor ta Iskandariya a Masar, wadda aka buɗe a 1990, don irin waɗannan ma'aikata na Afirka aka yi ta. Duk inda ya je kuma, ya nemi a bar shi ya yi binciken ƙarshe a gida, kan fada ko kan ƴan cirani ko kan ƴan mata da ake cirewa daga lakwal.

Ku kuma ma'aikata, akwai naku. Kafin uba ya sayar da fili, ya kamata ya iya zuwa ofis ya tambaya ko gwamnati za ta amince da takardar da ɗansa zai kawo, a kuma ba shi amsa a rubuce. Takardun ƙasashen da ke cikin CAMES, mai mazauni a Wagadugu, hanyarsu a share take. Ta Ingila sai an bi ta neman daidaito, kuma gara a san wannan tun kafin tafiya. Sannan tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 kowace komin tana rubuta tsarin ci gabanta, kuma sau da yawa wani ƙwararre ake ɗauko wa haya daga Yamai, ya kwana biyu, ya rubuta ya tafi. An rushe majalisun komin a Afrilun 2024, amma aikin yana nan a hannun waɗanda aka naɗa. Ina roƙon a buɗe gurbi guda a kowace meri na ma'aikacin matasa mai takarda, a ɗauke shi ta hanyar jarrabawa, albashinsa ya fito daga kasafin komin, kuma a rubuta cikin yarjejeniyarsa cewa tara jama'a don tarbon baƙi ba ya cikin aikinsa.